Likita Na Amsawa: Gwajin Ciki da Sinadarin hCG

Wata amarya daga Asawase, Kumasi: Likita, yaushe ya kamata in yi gwajin fitsari?

Bari al'adarki ta wuce lokacinta, ki gwada da fitsarin farko na safe. Tsinken gwajin yana neman sinadarin hCG ne, wanda mabiyiya ke fitarwa da zarar ciki ya zauna. In layi ɗaya ya fito, wato bai nuna ciki ba, kuma jini bai zo ba, sake bayan kwana 3.

Mai cikin fari: Laulayi ya hana ni sakat.

Sannu, ƙanwata. Laulayi yakan tafi tare da yawan hCG, wanda ke kai maƙura wajen mako na 10, daga nan ya sauka, amai ya lafa. In ko ruwa ba ya zama a cikinki, tafi asibiti yau.

Wata uwargida daga Aboabo: Na yi ɓari wata 3 da suka wuce, jini na ta ɗiga, gwaji kuma yana nuna ciki. Surukata ta ce cikin ne ya kwanta, ana jiƙa mini sassaƙe a tayar da shi.

Hajiya, don Allah ajiye jiƙon nan. Ciki ba ya kwanciya ya farka. Bayan ɓari, hCG yakan ɓace cikin 'yan makonni. In ya kai wata 3 yana nan, akwai abin da ke fitar da shi: ko ragowar mabiyiya ce ta maƙale, ko sabon ciki ne, ko kuma mabiyiyar ta lalace ta zama ƙurajen ruwa masu kama da inabi, ba jariri. Wannan na ƙarshen wani lokaci yana rikiɗewa ya koma ciwon daji, ya kai har huhu. Amma yana cikin cututtukan dajin da suka fi jin magani in an kama shi da wuri. Ki je Asibitin Komfo Anokye, a yi sikanin, a auna hCG a jini, a yi wankin ciki in ya kama. Za a ci gaba da aunawa har ya sauka, kada ki tsallake ko sau ɗaya. In kika ji jiri ko ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, kada ki jira gari ya waye.

Wani magidanci: Maƙwabciya ta ce in sayo wa iyalina allurar hCG a kemis don haihuwa.

Malam, maƙwabciya ba likita ba ce! Allurar tana sa ƙwai ya fito bayan kamar awa 36, amma sai an ga a sikanin cewa ƙwan ya ƙosa. Yin ta da ka, asarar kuɗi ce, tana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Ku zo tare, kai ma a duba ka.