Ki bar shi ya je zaman, amma ki san waɗanda zai zauna da su

Wa alaikumus salam Yaya, Allah Ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Na karanta tambayarki har sau biyu, kin ce ƙaninki ɗan shekara 22 ya fito daga wajen gyaran hali wata biyu kenan, yanzu yana so ya riƙa zuwa wani zama da waɗanda suka daina shaye-shaye suke yi, ke kuma hankalinki bai kwanta ba saboda zama da maɗaukin kanwa, a gida ma wasu na cewa gara a kai shi gidan mari ko a hana shi fita gaba ɗaya. Na ga amsoshi da yawa suna ce miki ki raba shi da duk wanda ya taɓa shan ƙwaya. Ni dai ra'ayina ya sha bamban, kuma ba labari aka ba ni ba, ni kaina na yi shekara biyar a ciki.

Ni tuƙin adaidaita sahu ne ya kai ni ga tramol wajen 2014. Sai ka biya mai mashin balas ɗinsa kullum kafin ka samu naka, to wani abokin aiki ya ce ga abin da zai sa ka yi tun asuba har goma na dare ba gajiya. Daga ƙwaya ɗaya na koma mai miligiram 225 ɗin nan, alhali wadda likita ke rubutawa 50 ce ko 100, daga baya kodin ya shigo. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan binciken BBC, a gida an yi ta murna wai shi kenan zan daina, wallahi kwalba ce kawai ta yi tsada, sai muka ƙara wa ƙwaya yawa.

Sau biyu ana kai ni ana wanke min jiki ina dawowa ruwa, kuma duka biyun ba a wata na farko na koma ba, sai da kowa ya saki jiki. Abin da 'yan gida ba sa ganewa shi ne, ƙwayar ba ita kaɗai mutum yake bari ba, majalisarsa ce gaba ɗaya ta tafi. Waɗanda kake hira da su, waɗanda in ba ka fito ba za su neme ka, duk su ne 'yan shan. Ka dawo unguwa yaran kirki suna gudunka saboda iyayensu sun ja musu kunne, in ka shiga sahu a masallaci na kusa da kai ya dafe aljihu, a gida in caja ta ɓata kai za a fara kallo. To daga la'asar zuwa bayan isha'i ina za ka sa kanka? Wannan lokacin shi ne ke kayar da mutum. Kana zaune shiru a soro, kuma ka san akwai waje ɗaya tak a duniya da in ka je za a ce maka "kai mutumina ina ka shige", kuma ƙwaya na wajen.

A karo na uku, ƙarshen 2019, wata ma'aikaciyar jinya ce ta haɗa ni da wani bawan Allah bakanike da ya shekara bakwai da dainawa. Shi ya kai ni zamansu, mu tara ne lokacin, a ajin wata islamiyya ranar Alhamis da Lahadi bayan la'asar. Ba wa'azi ake yi ba, wa'azi kam mun sha shi, kuma duk mun san haramun ne tun kafin mu fara. Kowa faɗa yake yadda satinsa ya kasance. Ranar farko wani ya ce shi har yanzu in ya wuce ta wani lungu yawunsa tsinkewa yake, na ji kamar daga bakina ya ɗauko, don ban taɓa iya faɗa wa kowa haka ba, in na faɗa a gida za a ce ashe bai tuba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai daren da na kira bakaniken nan ƙarfe ɗaya da rabi ina rawar jiki, bai tambaye ni dalili ba, ya ce fito bakin titi, ya zo a kan mashin muka zauna wajen mai shayi har aka yi kiran assalatu. Daga baya na ji cewa irin wannan tsarin na haɗa sabo da wanda ya daɗe shi ƙungiyar Narcotics Anonymous ke bi tun da aka kafa ta a Amurka a 1953, mu dai namu ba suna gare shi ba.

Amma tsoronki ba na banza ba ne, don ba kowane zama ne na kirki ba. Ki sa wani babba namiji a gidan ya je ya ga mai jagorantar su, ya tambaye shi shekara nawa da dainawarsa, in duk cikinsu ba wanda ya haura shekara biyu to ki dakata. A duba a ina suke zama, fili ne da kowa ya sani ko kango. Sannan suna da alaƙa da wani likita ko asibiti? Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci a wajena, saboda akwai abin da hira ba ta magani. Wanda ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su diazepam ko roci in ya yanke lokaci ɗaya zai iya faɗuwa yana jijjiga, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Wani kuma akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, NDLEA ma suna da layin kira kyauta 0800 1020 3040. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne.

Maganar gidan mari dan Allah ki tsaya tsayin daka a kai. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa, sannan na Daura ya biyo baya. A zamanmu akwai mutum biyu da suka taɓa zama irin wajen, ɗaya har yau ba ya iya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa, kuma dukansu suna fitowa suka koma sha.

Kuma kar ki ɗauka gidanku ne kaɗai. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, su nasu ma ya fi ban tausayi don a ɗaki suke sha ba wanda za su gaya wa.

Abu ɗaya da nake so ki shirya masa tun yanzu, zai iya zamewa. Ni na zame bayan wata biyar, ranar bikin wani abokina. Abin da ya cece ni shi ne na iya zuwa ranar Alhamis na faɗa da bakina, aka ce to mu sake ƙirga daga yau. Ki gaya masa tun kafin ta faru cewa in hakan ta kasance ke zai fara gaya wa kuma ba za ki tara masa jama'a ba. Ki kuma gaya masa jikinsa ya riga ya sauka, adadin da yake sha da in ya maimaita shi yanzu zai iya tsayar masa da numfashi, mun binne yaro ɗaya a haka.

Ki samar masa abin yi da safe ko da zaman shago ne, kuɗi kuma kar a ba shi da yawa a hannu tukuna, na mota da na abinci ya isa. In ya dawo daga zaman kar ki tambaye shi wa ya ce me, amana ce a tsakaninsu, ki dai ajiye masa abincinsa. In kina Kano ki yi min magana ta inbos, Alhamis ɗin nan zan iya biyowa mu tafi tare da shi.