Yadda za ki gane ko mai jinya ya shirya kafin a sallami mara lafiya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin fara aiki a ɗakin masu farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki da raunin laka, kina tambayar yadda za ki tabbatar wanda zai ci gaba da jinya a gida ya shirya, da abin da yake buƙata.

Kada ki dogara da amsar baki. Duk wanda kika tambaya "za ka iya?" a gaban mahaifinsa zai ce zai iya, kunya da kara ba za su bar shi ya ce a'a ba. Kuma kada ki bari sai ranar sallama, ranar nan hankalin kowa yana kan kaya da mota. Tun makon farko ake farawa.

Fara da gano ainihin mai jinyar. Sau da yawa wanda ke magana da likita yana sa hannu a takarda ba shi zai tashi ƙarfe biyun dare ba. Ki tambaya: wa zai kwana da shi? Wa zai gyara shi idan ya ɓata jikinsa? Idan wannan ya kwanta ciwo, wa zai karɓe shi? Wanda aka ambata, ki keɓe da shi, ba a gaban mara lafiya ba, ki ji lafiyarsa shi ma: ciwon baya, hawan jini, juna biyu, ƙarfin ido wajen karanta sunan magani, ƙananan yara, aikin da yake ci da shi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta ɗaga namiji mai nauyi ba, komai son da take masa.

Sai ki auna nauyin aikin. Ma'aunin Barthel yana duba abubuwa 10, irin su ci, wanka, sa tufafi, shiga ban ɗaki da tafiya, maki daga 0 zuwa 100. Amma maki ba ya shiga kan iyali, ki mayar musu da shi lissafin yini. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, idan ana juya shi duk bayan awa 2, sau 12 ke nan, har da tsakar dare. Da zarar sun ji haka su da kansu za su gane mutum ɗaya ba zai ɗore ba.

Inda na fi so ki ba da ƙarfi shi ne gwaji da hannu, don gani ya kori ji. Ki nuna, sannan ki koma gefe ki bar shi ya yi, a ranaku daban-daban, har da yamma lokacin da mara lafiya ya gaji. Wajen sauko da mara lafiya daga gado zuwa keken guragu, ki duba ko ya taka birki, ya ɗage wurin ɗora ƙafa, ya ajiye keken ta ɓangaren mai lafiya. Ya durƙusa da gwiwa ne ko ya sunkuya da baya? Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan hannun da ya shanye ko ɗagawa ta hammata. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya kan iya gocar da ita, ciwon kuma ya hana gashin ƙashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi, tsawon watanni. Wajen sa riga hannun da ya shanye ake fara sawa, wajen cirewa mai lafiyan ake fara zarewa.

Ki zauna ki kalli ciyarwa guda daga farko har ƙarshe. A zaunar da shi sosai, loma ƙarama, a duba kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune aƙalla minti 30 bayan ya gama. Tari a kan ruwa ko murya ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro alama ce abu na zarcewa huhu. Mai jinya mai tausayi shi ya fi ɗura ruwa mara lafiya yana kwance, daga nan ciwon huhu ke farawa.

Fata kuma, ya nuna miki da yatsa inda zai duba kullum: ƙasan gadon baya, ƙugu, dunduniya. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu fiye da kewayensa, ya yi zafi ko tauri, farkon gyambon kwanciya ne, kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi. Jakar robar fitsari ta zauna ƙasa da mara, ba a kan gado ba. Mai raunin laka daga saman ƙirji zuwa wuya, idan ya yi matsanancin ciwon kai da gumi farat ɗaya, a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar ta lanƙwashe, a nemi taimako nan take, jininsa ne ya hau.

Gidan, ki sa su ɗauko hoto a waya. Ƙofa tana son faɗin kamar santimita 80 kafin keke ya wuce, matakala mai tsayin santimita 15 kuma tana son gangare mai tsawon santimita 180.

Akwai ma'aunai na takarda. Na Archbold da abokan aikinta na 1990 tambaya 8 ne kan yadda mai jinya yake jin ya shirya. Na Robinson na 1983 tambaya 13 ne, "e" 7 ko fiye na nuna nauyi ya yi yawa. Na Zarit mai tambaya 22 ya fi amfani bayan an ɗan jima a gida. Suna buɗe hira, amma abin da mutum ya faɗa kawai suke aunawa.

Idan kin ga giɓi, ki rubuta shi a fayil dalla-dalla: "ba ta iya sauko da shi ita kaɗai ba, babu mai karɓarta da dare." Da wannan za ki nemi a koya wa mutum na biyu, a sa ma'aikacin walwala a ciki, ko a ɗaga sallama. Bayan sun tafi ki kira cikin kwana 2 zuwa 3, ki tambayi mai jinyar awa nawa ya yi barci jiya, kafin ki tambayi jikin mara lafiya.