Amsa: Gwajin kyamara a cikin Mama

'Yar'uwa, kin ce likita ya rubuta wa Mama gwajin kyamara saboda gyambon ciki, tana ta fargaba. Ki kwantar mata da hankali. Bututu ne siriri ake zurawa ta baki don a duba cikin ciki, bai wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, da kyamara da fitila a bakinsa. Ta hanyar abinci yake bi, ba ta hanyar numfashi ba, don haka za ta ci gaba da numfashi lafiya lau. Za a fesa mata maganin kashe zafi a maƙogwaro, ta kwanta gefen hagu. Yawanci minti 10 zuwa 15 an gama.

Kada ta ci komai awa 6 kafin lokacin. In tana shan maganin suga ko na tsinka jini, ku faɗa wa likita tun yanzu. Allah ya ba ta lafiya.