Yaya ƙura take zama duniya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa daga ƙurar da ke kewaye da sabon tauraro ake samun duniyoyi. Ta yaya abin da iska ke kwashewa zai zama ƙasar da ake takawa?

Amsa: Ɗan'uwa, idan gajimaren gas ya rufta ya haifi tauraro, ragowarsa yakan baje kamar faifai yana kewaya shi. Kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin faifan gas ne, akasari haidurojin da hiliyam. Ƙura kashi 1 ce kacal, ƙwayarta ko kaurin silin gashi ba ta kai ba.

Da farko abin da sauƙi: ƙwayoyin na karo a hankali suna manne wa juna har su kai girman tsakuwa. Daga nan ne gizo ke saƙar. Matsin da ke cikin gas yana ɗan tallafe shi, saboda haka bai kai duwatsu saurin kewaya tauraron ba. Sai dutse ya zama kamar mai gudu iska na dukan ƙirjinsa, gudunsa na raguwa, yana gangarawa ciki. Lissafi ya nuna dutse mai faɗin mita 1, a nisa irin na duniyarmu da rana, zai iya faɗawa tauraron cikin shekara kamar 100. Ina lokacin girma a nan?

Mafitar da ta fi gamsar da ni ita ce ta masana taurari Andrew Youdin da Jeremy Goodman a 2005. Idan tsakuwa ta taru wuri guda, tana jan gas ɗin tare da ita, iskar ta yi sauƙi, waɗanda ke gangarowa daga baya su tarar da ita su ƙara yawa. Da cunkoson ya isa, nauyinsa ya dunƙule shi ya zama curi mai faɗin kilomita gommai, wanda zai ci gaba da girma har ya zama duniya. Wato gas ɗin da ke kashewa shi ne kuma ke tarawa.

A 2014 na'urar hangen sararin samaniya ta ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile ta ɗauko hoton faifan tauraron HL Tauri, sai ga zobba da giɓi a jere. Ni dai ba na saurin cewa kowane giɓi duniya ce ta share shi, amma a faifan wani tauraro mai suna PDS 70 an ga jaririyar duniyar da kanta a 2018, zaune cikin giɓin.

Gas ɗin kuwa ba ya jira. Cikin 'yan shekaru miliyan tauraron ya shanye wani, haskensa ya kore saura. Ƙatuwar duniyar gas irin Jufita dole ta cika cikinta da shi kafin ya ƙare.