Daren Laraba daban, Wednesday night daban

Ƙanina, saƙonka ya iso. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Ka ce kana bitar Turanci kafin tahowa Ingila, har ka tsaya a kan Wednesday: me ya sa ake rubuta haruffan da ba a furtawa, kuma me sunan yake nufi, tunda mu Laraba daga Larabci take, rana ta huɗu.

Furucin ba wuya. A firamare mun saba malami na dukan allo muna amsawa da gaɓa uku, amma a nan biyu ce. Ka haɗiye d ɗin farko da e na tsakiya, ka ce Wenzde. Asalinta kuwa ranar Woden ce, abin bautar kakannin Turawan Ingila kafin Kiristanci ya iso musu, shi ne mutanen arewacin Turai ke kira Odin. Rubutu ya riƙe tsohon sunan, baki kuma ya gajarta shi. Thursday ma ta Thor ce, Tuesday ta Tiw. Ba mai tuna su in yana magana, kamar yadda in aka kira Bala ko Larai ba wanda ke tuna ƙirgan Larabawa.

Abin da ya fi asalin sunan muhimmanci shi ne dare. A wajenmu dare ke riga rana. Da an kira magariba ran Talata mun shiga daren Laraba, shi ya sa daren Juma'a yake faɗowa ran Alhamis bayan faɗuwar rana. Su kuwa ranarsu ƙarfe 12 na dare take farawa, kuma in Bature ya ce Wednesday night yana nufin daren da ya biyo yinin Laraba, wato daren Alhamis a lissafinmu.

Da ƙafata na koyi wannan. Watannina na farko na samu aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya. Aka turo mini saƙo cewa in zo Wednesday night ƙarfe 10. Ba tare da wani tunani ba na mayar da shi daren Laraba a kaina. Ran Talata na yi isha'i, na zura rigar sanyi, na hau bas biyu. Mai gadi ya duba takardarsa sama da ƙasa bai ga sunana ba, can ya ɗago ya ce gobe ne ai. Haka na koma gida cikin ruwa da iska, ga kuɗin mota ya tafi. Kuma ba Turanci ne ya gagare ni ba, kalmomin biyu duk na san su tun ina ɗan aji uku.

A tikitin jirgi kuwa lissafinmu ne zai cece ka. In an rubuta Laraba ƙarfe 00:40, to ran Talata da yamma za ka kama hanyar filin jirgi. Wanda ya jira yinin Laraba ya tarar jirgi ya daɗe da sauka wata ƙasa.

Sai ƙananan kalmomin da ke raka sunan. On Wednesday sau ɗaya ne, on Wednesdays da s kuwa kowace Laraba. In malami ya ce a kawo aiki by Wednesday, kar ya wuce ranar, kuma ka duba ƙarfe nawa, don yawanci ta intanet ake miƙawa, na'ura ba ta san uzuri ba. Wadda ta fi rikici ita ce next Wednesday. Wani Laraba mai zuwa yake nufi, wani ta sama, su kansu 'yan ƙasar sukan saɓa a kai. Ni tuni na daina jin kunya, kwanan wata nake tambaya.

Ka kuma sani a nan mako daga Litinin yake farawa, Laraba ta zama ta uku ke nan. Ba maganar kalanda kawai ba ce. Awa 20 da bizar ɗalibin digiri ta yarda ka yi aiki lokacin zangon karatu, daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga su, kuma ba a ɗaukar ragowar wannan makon a kai na gaba.

In ka ga jadawalinka babu lacca ran Laraba da rana, ba kuskure ba ne. Jami'o'i da yawa na barin lokacin don wasanni. Kai mai son ƙwallo ma ka san Sheffield Wednesday. An kafa ta a 1867, ta gaji sunan daga wata ƙungiyar kurket da ke wasa ran Laraba, ranar da 'yan ƙungiyar ke samun sararin aiki.

In ka yanki tikiti ka turo mini hotonsa, kar ka fassara mini ranar. Ni zan karanta da kaina in san yaushe zan zo tarbarka. Ka gaida Inna da kowa da kowa.