Kafin ka ɗora wa tsohuwar BMW injin Lexus

Yaron da ke koyon aiki a garejina a Sabon Garin Zariya, shekararsa ta huɗu ke nan a hannuna, ya sayi wata tsohuwar BMW 318i ƙirar E36 da ta daɗe a kwance a wani gida a Tudun Wada, injinta ya buga. Bayan La'asar ya same ni ina wanke hannu, ya ce: "Oga, so nake in shiga gasar wasan mota da ita, irin wadda ake yi a killataccen fili. Kuɗina ba su da yawa. Na ga ana saka wa irinta injin Lexus mai silinda 8. In neme shi, ko me ka gani?" Ga abin da na faɗa masa.

Jawo benci ka zauna, ɗana. Injin da kake magana a kai na san shi, 1UZ ne, na cikin Lexus LS400 ta kamfanin Toyota, lita 4, ƙarfin doki wajen 250 a ƙirar farko. Inji ne nagari, ba zan kushe shi ba. Amma ka tuna da wane giyabos ya zo. LS400 ba ta taɓa fitowa da giyar hannu ba, duk otomatik ce, kai kuma wasan da kake so ka yi sai da kuloci a ƙarƙashin ƙafarka. Ke nan sai an yanka maka farantin ƙarfe da zai haɗa bakin injin Toyota da giyabos ɗin da ba nasa ba, a nemo fulayiwil da zai zauna daidai, a ƙera kujerun inji, a yanka furofela a sake haɗa ta, a san yadda za a bi da salansa ta gefen sandar sitiyari inda wurin ya matse. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin mai lada ne da mai walda, kuma in aka kuskure da ɗan kaɗan, karkarwa za ta riƙa cin maka kuloci da borin ɗin giya har ka gaji. Mai kuɗi yana iya yi sau uku har ya dace. Kai sau ɗaya kuɗinka zai kai ka.

Abin da zan ce ka nema shi ne injin da masu motar da kansu suka riga suka yi wa ɗaki a cikinta. Wannan bodin naka shi ne dai bodin 325i, daga 1990 aka fara ƙera su tare. Injin da ke cikin taka mai silinda 4 ne, ƙarfin doki 113 zuwa 115. Na 325i, wato M50 mai lita 2.5, silinda 6 a jere, ƙarfinsa 192. Ramukan da zai zauna a kai suna nan, ba ka buƙatar huda komai. Ko giyabos ɗinka na Getrag bakinsa ɗaya da na M50, zai ɗauru. Daga 115 zuwa 192 a mota ɗaya, wallahi ranar farko sai ƙafarka ta yi rawa a kan totur.

Za a yi maka tallan M52 mai lita 2.8 na cikin 328i, a ce ya fi ja. Gaskiya ne ya fi ja daga ƙasa. Amma na Turai na farko-farko bulok ɗinsu alminiyon ne da aka shafe cikin silinda da wani sinadari da ake kira Nikasil, wanda fetur mai yawan farar wuta ke cinyewa, har kamfanin ya koma saka hannun riga na ƙarfe a 1998. Ka san irin man da muka yi shekaru muna sha a ƙasar nan. M50 kuwa bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, yana da nauyi amma yana da haƙuri, in ya ci ana iya gundura shi a saka masa fiston mai girma. A wurin mai koyo, haƙurin inji ya fi ƙarfinsa amfani.

Yanzu maganar saye, nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Ko Panteka ka je a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka sayi inji tsirara. Ka saye shi da wayarinsa gaba ɗaya ba a datse ba, da burenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da kwayil ɗinsa shida, da na'urar auna iskar da ke shiga, da hannayen da ke riƙe shi a kan kujera. In da hali ka samu yankakken gaban mota, ya fi, don har lagireto da bututan ruwa za ka samu a ciki. Abin da ka bari a kasuwa don a rage maka kuɗi, ɗaya bayan ɗaya za ka koma ka saye shi da tsada, ga kuɗin mota. Kuma ka leƙa ƙasa ka ga kaskon baƙin mai. M50 ɗin da aka ciro daga 525i ƙirar E34 tumbin kaskonsa a gaba yake, na E36 a baya. In ka kwaso na 525i, sai ka canja kasko da bututun tsotson mai da sandar awo kafin ya zauna.

Burenbos ɗin ka dube shi da kyau. Daga farkon 1995 BMW ta saka wa motocinta makullin ɓarawo da ake kira EWS: in burenbos bai ji sallama daga ɗan akwatinsa da makullin da aka haɗa su tare ba, inji zai yi ta juyawa ba zai tashi ba. A burenbos ɗin M50 da lambarsa ta ƙare da 413, mai jan tambari ba shi da wannan matsala, mai ruwan azurfa shi ne mai ita. Ni ma sai da na sha wuya na sani. Shekarun baya na sayi inji wurin wani dila, ya rantse mini komai ya cika, na kawo na ɗaura, na ba shi wuta, shiru. Na canja famfon fetur, na canja na'urar karanshaf, rewaya biyu suka yi ta bin waya. Motar ta yi damina guda a ƙarƙashin darbejiyar can kafin wani ya tambaye ni ina makullin da ya zo da injin. Babu shi, yana can Turai a aljihun wani.

Kafin ka biya, cire fulogi shida ka dube su a jere, wanda ya bambanta da 'yan'uwansa yana da labari. Ɗauki ma'aunin matsi na gareji ka tafi da shi, a ɗaura batir a juya injin a ƙasa. Ba babbar lamba nake so ka nema ba, so nake silinda shidan su yi kusa da juna, kada tazararsu ta wuce kashi 10 cikin 100. Buɗe murfin mai, in ka ga abu kamar kindirmo, ruwa ya shiga, ka yi sallama da mai shi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, don sai an gyara takardun motar, kada wata rana a tare ka a Kwangila lamba ta saɓa.

Inji yana ƙasa, kafin ya shiga mota, akwai aikin da in ba ka yi shi yanzu ba za ka yi shi da kuka. Sauke kaskon mai. Akwai noti guda ɗaya da ke riƙe da haƙorin famfon baƙin mai, zarensa na hagu ne. A irin wasan nan, in mota ta juya da kai ta ja da baya alhali tana cikin giya, injin yakan yi juyin baya na ɗan lokaci, notin ya kwance. Da ya faɗi mai ya daina zagayawa, kafin ka lura da jar fitila metal ɗin karanshaf ya narke. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ka ɗaure shi da gam ɗin zare, ka huda shi ka zarga waya. Tunda kaskon yana hannunka, a yi masa 'yan shingaye na ƙarfe a ciki, don in ka daɗe a kwana mai yakan taru gefe guda bututu ya tsotsi iska.

Sai ruwa. Wannan injin ba ya yafe zafi. Kansa alminiyon ne mai tsawo, sau ɗaya ya tafasa sosai sai ya lanƙwashe ko ya tsage. Famfon ruwansa na asali fukafukinsa roba ne, yana farfashewa, ka saka mai ƙarfe. Wuyan lagireto ma roba ne, wanda ya shekara 25 kada ka yarda da shi. Lagireton 318 ɗinka ya yi kaɗan, na silinda 6 za ka saka. Kuma don Allah kada ka bi al'adarmu ta cire tamostat a jefar. Na san rabin garejin Zariya haka ake yi, ana cewa na ƙasar sanyi ne. In ka cire shi injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, burenbos ya yi ta zuba masa mai, man ya wanke jikin silinda. Saka sabo, ka gyara fanka, a watan Afrilu ka gwada ta a tsaye ka ga inda allura za ta tsaya. Matatar iska kuma bar ta cikin akwatinta. Wannan buɗaɗɗiyar mai kama da mazurari da samari ke so don ƙara, a ƙurar hunturunmu yashi kawai take tura wa ringi.

Da ka gama da inji, kada ka ce ka gama, rabin kuɗinka ya kamata a ce yana nan. Yawancin 318i da ke zuwa mana birkin bayansu ganga ne, faifan gaba kuma marar rami. Na 325i faifai ne gaba da baya, na gaba mai ramin shan iska. Kwaso su, ka zuba sabon man birki DOT 4. Aksul ɗin bayanka ƙarami ne, milimita 168, na 325i kuwa 188. Ƙaramin zai kai ka wani lokaci, amma in ka yi masa walda don tayoyi biyu su juya tare, kamar yadda masu wasan ke yi, ka fara neman babban tun yanzu. Kuma motar da aka yi wa wannan walda ba ta zuwa cefane. A kan kwalta mai ruwa gindinta zai riga kanta shan kwana. Sifirin ɗin gaba ma na 325i za ka saka, don hancin ya ƙara nauyi. Furofela ka auna ta bayan giya ya zauna, kada ka saya da ka.

Kujerar da za ta riƙe ka, bel mai kyau, hular kwano, tukunyar kashe gobara a inda hannunka zai kai, batir a ɗaure da ƙarfe ba da igiyar roba ba. In za a yi maka kejin ƙarfe a ciki, kada mai walda ya kawo maka bututun ruwan famfo, wannan yana da ɗinki, tsagewa yake yi. Waɗannan ba na ciniki a kansu. Mahaifinka amana ya ba ni.

Ka san Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce ta cinye gasar Safari a Kenya, da inji mai silinda 4, lita 2 kacal. Motocin da suka fi ta ƙarfi sun shiga, da yawansu a daji suka kwana. A ƙaramar gasa irin wadda za ka shiga, za ka ga masu manyan injuna sun buɗe bonet suna fifita da kwali tun kafin azahar. Abin da zai ci maka kuɗi kullum kuma taya ne, ka fara shiri da masu faci su riƙa ajiye maka tsofaffi masu inci 15 ko 16.

Amma duk wannan sai in bodin ya cancanta. E36 tana tsagewa a inda gadon aksul ɗin baya ya kama ƙasan mota, da saman shokozoba na baya, da aljihun da hannun tayar baya ke shiga. Motar da ta sha gishirin titin Turai kuma ta zo ta kwana shekaru a ƙasa, ban yarda da ita ba sai na gani. Gobe da safe kafin motocin mutane su fara shigowa, a turo ta kan rami, ka zo da tocila da ƙaramar guduma. In ƙarfen ya amsa da ƙara mai kyau, ranar Asabar sai mu kama hanyar Kaduna tare.