Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramar Mota ta Hannu da Rigingimunta

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata a kan ƙananan motoci na hannu suke, musamman Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Kano da Kaduna da Zariya. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano. Bara na sayi Corolla ƙirar 2005, 'yar Beljiyam. Tun shigowar bazara, duk lokacin da na shiga cunkoso sai allurar zafi ta haura, amma da zarar na hau babban titi sai ta sauko. Bakanikena ya ce laifin tamostat ne, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, don haka a cire shi a kuma haɗa fanka kai-tsaye. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda, domin bayanin da ka yi da bakinka ya wanke tamostat daga zargi. Tamostat wata 'yar ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto, wadda take rufe idan inji yana da sanyi, ta fara buɗewa idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 82. Da a ce ta maƙale a rufe, da motarka ta fi yin zafi a kan babban titi, inda inji yake aiki da ƙarfi. Taka kuwa a cunkoso take zafi, wato lokacin da babu iskar da ke ratsa lagireto sai wadda fanka ta jawo, saboda haka fanka ce ya kamata a fara tuhuma. A bar motar tana aiki a tsaye, a kunna na'urar sanyaya cikin mota, a duba ko fankar ta tashi da ƙarfi. Idan ba ta tashi ba, ko tana juyawa kamar mai jin barci, to rewaya ya duba fis da rile da kuma motar fankar ita kanta. Bayan haka a wanke gaban lagireto da ruwa marar ƙarfi, domin ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe ƙananan ramukansa har iska ta kasa wucewa.

Akwai kuma abu mai arha da ake yawan mantawa da shi, wato murfin lagireto. Aikinsa shi ne riƙe matsi, kuma matsin ne yake hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa gudu kaɗan-kaɗan ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba.

Maganar cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne ta daɗe tana yawo a garejojinmu, kuma na san dalilin da ya sa ta karɓu: idan aka cire shi allura takan sauko, mai mota ya tafi yana godiya. Amma irin waɗannan motoci ana sayar da su da tamostat ɗinsu a ƙasashen Larabawa, inda zafi bai gaza namu na watan Afrilu ba. Abin da cirewar ke haifarwa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, ita kuwa kwamfutar mota muddin tana ganin inji da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ba na jin akwai malamin makarantar da ke da fetur ɗin zubarwa. Fankar da aka haɗa kai-tsaye ita ma ba ta hutawa, sai ta mutu kafin lokacinta, kuma ba ta zaɓar wurin mutuwa.

Sai batun ruwan da kake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin bututun lagireto, ga shi kuma injin wannan mota na alminiyam ne. Ka yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ja ko ruwan hoda irin wanda Toyota ta tanada. Idan allura ta kusa jan layi, ka tsaya ka kashe mota, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai, domin tururinsa yana saɓule fata. Idan daga baya ka ga kumfa yana tasowa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin saman inji ya ƙone, aikin kuma ya zama babba.

Tambaya: Corolla ɗina ƙirar 2003 tana shan baƙin mai, kusan lita ɗaya tsakanin juye da juye. An ba ni shawarar in koma mai kauri, 20W-50. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Katsina.

Amsa: Hajiya, lita ɗaya tsakanin juye biyu a motar da ta haura shekara 20 ba abin tayar da hankali ba ne, in dai kina duba sandar awon mai duk mako kina cikawa. Abin da ke kashe inji shi ne a bar man ya ƙare ba a sani ba. Kafin a ce inji ne ke ƙona shi, a tabbatar ba yoyo yake yi ba. Wannan inji mai lita 1.8, wanda ake kira 1ZZ-FE, an san shi da yoyo a wurare biyu: robar murfin saman inji, da wata 'yar zoben roba da ke jikin abin da ke ɗaure sarƙar tayimin a bayan inji. Dukansu gyara ne mai sauƙin kuɗi. Idan babu yoyo, kuma kina ganin shuɗin hayaƙi idan an taka totur, to zobban fistin ne suka fara gajiya, wanda sanannen rauni ne a injinan farko-farko na wannan ƙira.

Mai kauri yana rage shan, amma ɓoye ciwo yake yi. Littafin motar da aka ƙera don Amurka 5W-30 ya ambata, wanda bai kai 20W-50 kauri ba, saboda injin yana da tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ke aiki da matsin mai ta cikin ƙananan hanyoyi, kuma mai kauri yana jinkirin isa can idan an tayar da mota da safe. Ni dai ba zan tsallaka zuwa 20W-50 ba sai injin da ya riga ya tsufa ƙwarai, ana lallaɓa shi kafin a sauke. Ki kuma lura da cewa idan daga Amurka motar ta zo, mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutane da yawa suna jiran lamba ta ƙaru da 5,000, alhali sun riga sun yi tafiyar kilomita 8,000. Da ƙurarmu da cunkosonmu, juye a kilomita 5,000 tare da sabuwar matatar mai ya fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Ina da Honda Civic ƙirar 2003. Abokina mai Corolla ya ce shi bai taɓa canja bel ɗin tayimin ba, don haka ni ma in ƙyale nawa. Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, abokinka bai canja ba ne domin ba shi da shi; Corolla ɗinsa sarƙar ƙarfe take amfani da ita. Civic mai lita 1.7 ta 2001 zuwa 2005 kuwa bel ɗin roba gare ta, kuma idan ya tsinke mota tana tafiya, fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa su. Tun da ba ka san ranar da mai ita na farko ya canja ba, ka canja shi yanzu tare da famfon ruwa, domin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma buɗewa ɗaya ce.

Tambaya: Wutar nan mai hoton inji ta kama a gaban motata wata uku ke nan, amma mota tana tafiya lafiya. Wani rewaya ya ce zai cire ƙwan wutar in huta. Daga wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna.

Amsa: Ranka ya daɗe, wanda ya cire ƙwan ya rufe bakin motar ne kawai, ranar da babbar matsala ta zo ba ta da hanyar faɗa maka. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'urar bincike, ta fitar da lambar abin da ke damun ta cikin 'yan mintoci. A Corolla lambobi biyu ne suka fi fitowa. P0171 tana nufin iska ta yi wa fetur yawa, kuma sau da yawa dalilin shi ne ƙura ta lulluɓe na'urar auna iska da ke kusa da matatar iska, ko kuma robar da ke tsakanin inji da bututun shigar iska ta bushe tana zuƙo iska ta gefe. P0420 kuwa tana nuni ga matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sace ta, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai saye.

Sai dai lambar alama ce, ba hukunci ba. Na sha ganin an karanta lamba, an ruga kasuwar kayan gyaran mota ta Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano an sayo na'ura, an ɗaura, bayan kwana biyu wuta ta dawo, domin ainihin laifin wani tsagaggen tiyo ne. Ka nemi mai gyaran da zai gwada kafin ya aike ka kasuwa. Idan kuma wutar ta fara ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, to wani silinda ne ba ya ƙona mai daidai, galibi saboda fulogi ko kwayil, kuma wannan ba ya jiran ƙarshen wata.

Tambaya: Motar da na saya ta zo da tayoyi masu zane mai kyau, amma ɗaya ta fashe a hanyar Bauchi. Me ya jawo? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara tsarewa. Zane ba shi ne shekarun taya ba. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana bushewa ko da ba a taka ta ba, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Ka duba sauran ukun da safaya tun yau. Game da iska kuma, kada ka bar mai faci ya yi maka awo da bugun hannu ko ya bi lambar da ke jikin taya, domin wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Awon da ya dace da motarka yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafin kwalta.